Ƙullin da Gwaggo ta Kawo Alƙahira

Na ga abubuwa da yawa a shekarun da na yi ina karatu a Alƙahira, amma ko da zan manta da komai, ba zan manta da ranar da Gwaggo ta kwance ƙullinta a falon mai gidanmu ba.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta zo Masar a yi mata aikin ido, ta sauka a wurina a unguwar Hayyus Sabi', inda nake haya da iyalina. Aka yi aiki lafiya, ido ya buɗe tar, har ta fara hango ƙurar bayan firij tana yi wa matata tsiya. Saura kwana huɗu ta koma gida, da hantsi, ta kira ni ɗaki ta ce in turo ƙofa.

"Babana," haka take kirana don sunan mahaifinta na ci, "akwai abin da na zo da shi. Ka kai ni bakin kogin nan nasu in jefa."

Ta zaro wani ƙulli daga ƙasan akwati, tsohon zane ne aka ɗaure tamau. A ciki akwai wani farin ƙyalle mai kusurwa huɗu, an yi masa baki da shuɗi, a tsakiya kuma an yi wata alama da zare mai ruwan zinariya, kamar kamfas ɗin 'yan makaranta haɗe da ma'aunin magina. Ko taɓa shi ba ta yi da hannu, da bakin mayafi take ɗagawa.

Ta ce a adakar Kaka, wato mahaifinta, aka same shi ranar rabon gado. Wani tsohon akawu da ke wurin ya gani ya ja da baya, ya ce irin wannan 'yan ƙungiyar asiri na zamanin Turawa ke ɗaurawa a ƙugu. Ita da ƙanwarta suka ɓoye shi, suka yi alkawarin ba za su faɗa wa kowa ba, har mahaifina.

"Shekara arba'in ke nan ina yi masa addu'a zuciyata na rawa," ta ce. "Mutumin da ke tashe mu sallar asuba da kansa. In dai gaskiya ne, to ban san ubana ba ke nan."

Na tambaye ta me ya sa ba ta jefa shi a kogin gida ba. Ta ce ruwan gida mutanenmu ne ke sha. "Su kuwa waɗannan ai sun saba da irin wannan tun zamanin Fir'auna."

Na danne dariya da ƙyar, amma ni ma abin ya dame ni, don sunan mutumin nan nake amsawa. Na ce mata in aka gan mu a kan gada muna wurga ƙulli, 'yan sanda ne za su raka mu filin jirgi. Na roƙe ta mu fara nuna wa mai gidan da muke haya, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyar da tarihi, yana zaune a hawan ƙasa. Da ƙyar ta yarda.

Ya karɓe mu da shayi mai na'ana'a, littattafai sun cinye rabin falon. Ni ne tafinta. Gwaggo ta ajiye ƙullin a tebur ta koma can ƙarshen kujera tana jan carbi. Dattijon ya sa tabarau ya kwance, ya ce, "Allah! Rabona da ganin irin wannan tun ina yaro."

Ya tashi ya ɗauko wani tsohon hoto: maza jere cikin kwat da jar dara, kowa da irin ƙyallen nan a ƙugu. Ya nuna wani mai ƙaton gashin baki ya ce kakansa ne. Gwaggo ta zabura, ta ce da ni a hankali, "Ka ga inda ka kawo mu, gidansu ne ma!"

Ban fassara wannan ba. Shi kuwa ya ci gaba da bayani, kamar yana gaban aji. Ya ce ƙungiyoyi ne na 'yan'uwantaka da Turawa suka zo da su, sojoji da 'yan kasuwa da ma'aikatan mulki. Duk inda suka kafa ofis da tashar jirgin ƙasa sai su buɗe zauren taronsu, wanda a nan ake kira mahfal. Suna rufe ƙofa, suna da rantsuwa da irin gaisuwarsu, su ci abinci tare, in ɗaya ya mutu su kula da iyalinsa. Da fari a junansu suke yi, daga baya manyan 'yan ƙasa da akawuna suka riƙa shiga don kusantar masu mulki. Malamai ba su yarda da abin ba, a ƙarshe ma gwamnati ta rufe su a Masar.

"Kakana ya shiga ne don a ƙara masa girma a ofis," ya ce. "Bai samu girman ba, sai tumbi."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce in tambaye shi kai tsaye: ubanta yana ciki ko ba ya ciki?

Dattijon ya ɗaga ƙyallen ya kara da hoton, ya duba nan ya duba can. Sai kawai ya fashe da dariya har da tari, ya cire tabarau yana share ido.

"Ya Hajja, wanda ya ɗinka wannan bai san komai nasu ba! Duba, alamar a kife take, ƙafafun kamfas ɗin suna kallon sama. Babu ɗan ƙungiyar da zai ɗaura wannan ya shiga taro. Ko igiyar ɗaurawa ba a sa masa ba, ga kuma zanen allin tela har yanzu a bayansa. Ba a taɓa amfani da shi ba. Aiki ne aka ɓata."

Na fassara. Gwaggo ta ajiye carbi. A karo na farko ta sa hannu ta ɗauki ƙyallen, ta kawo shi dab da sabon idonta tana bin ɗinkin da yatsa. Can sai ta ce, "La'ilaha illallahu. Aikin Bature!"

Ashe Kaka, kafin ya koma sayar da yadi, ya yi koyon ɗinki a shagon wani tela kusa da tashar jirgin Zariya, inda Turawan reluwe ke kawo aiki. Kuma duk lokacin da ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya yi ɓarna ya zo yana kuka, sai ya ce, "Share hawayenka, ni ma na taɓa kifar da aikin Bature, na sha ranƙwashi, ga ni ban mutu ba." Su duk a zatonsu shayi ya kifar.

Gwaggo ta riƙa kuka da dariya lokaci guda, tana shafa ƙyallen a fuska. Dattijon ya ruɗe yana ta cewa, "Ma'alish ya Hajja, khalas, khalas," wato ta yi haƙuri, magana ta ƙare, yana tura mata farantin biskit. Ta ce in gaya masa Allah ya saka da alheri, ya kuma ji ƙan kakansa mai tumbi. Wannan na fassara duka, ya ce amin yana dariya.

Ba ta bari mun hau sama ba. A falon ta sa na kira mata ƙanwarta a Zariya, ta zayyana mata komai ba numfashi. Can sai muka ji muryar ƙanwar ta cika falon: "Yaya, wato shekara arba'in kuskuren ɗinki muke tsoro?"

Washegari Gwaggo ta sa matata ta dafa shinkafa da miya babbar tukunya, muka kira ɗaliban unguwa aka yi wa Kaka addu'a. Ita ce ta fi kowa ɗaga murya wajen amin.

Yanzu da girma ya fara kama ni, nakan tuna yadda maganar mutum ɗaya, da ya faɗa a tsaye ya wuce, ta shiga tsakanin 'ya da ubanta tsawon rabin rayuwarta. Abin da na koya shi ne, in na ji wani abu game da mutumin da na san halinsa, musamman wanda ya riga mu gidan gaskiya ba zai iya kare kansa ba, ba na ƙulle maganar in ɓoye. Nakan nemi wanda ya sani in tambaya, ko da kunya, ko da tsoro, tun a makon.