Tukunyar Tokar Yaya Hajo

Shekara hamsin da huɗu ke nan da muka binne yayata Hajo a garinmu Mai Wurno. Kalazar ce ajalinta, zazzaɓin nan mai kumbura saifa. A lokacin sai a asibitin birnin Sinnar ake allurarta, kullum har wata guda. Ni na ce a bari mu gama tsinkar audugar hawasha, wato gonarmu ta ban-ruwa, tukuna, ko da muka kai ta jiki ya riga ya ƙare. Har yau abin yana ci mini rai.

Hajo gwanar toka ce. Takan ƙona karan dawa, ta tace ruwan tokar, ta dafa, ta ajiye a bayan ɗaki har fararen ƙwayoyi su fito a gindin tukunya. Duk wanda ya girgiza mata tukunyar nan ya shiga uku. Ni ma na sha muciya ba sau ɗaya ba.

Yanzu jikata, takwararta, tana bincike a ƙasar waje kan ƙwayar wannan cuta. Yadda ta fahimtar da ni, sukan ciro wani sinadari, wai shi furotin, da ƙwayar ba ta rayuwa sai da shi, su sa ya daskare kamar gishiri, su haska shi da irin hasken hoton ƙashi. Daga nan su ga siffarsa, har da ramin da magani zai shiga ya toshe. In bai daskare ba, babu abin gani. Nata kuwa wata takwas ya ƙi, har ta kira ni tana kuka, wai za ta ajiye aikin. Jiddo take ce mini, wato kaka.

"Jiddo, halas, shi ke nan, na gaji. Kullum sai na ɗauko na duba, ba komi."

"Kullum? Haba Yaya, suna kaɗai kika gada! Ki aje shi wuri guda ki ƙyale shi."

Ta yi dariya, ta ce tsoho da ilimin toka. Bayan mako uku sai ga hoto: ƴan ƙwayoyi masu sheƙi, ƙasa da ƙwayar gero. Ita ta ce gishirin da ta canja a ruwan gwajin ne, ni na ce Hajo ce, muka bar shi a haka. Da Hajo na nan, na san sai ta tambaya ko ana sa shi a miya.

Magani dai bai samu ba tukuna, gwaji ake ta yi, kuma sannu ba ta hana zuwa. Yarinyar ba ta sake zancen barin aiki ba. A shekaruna ban sa ran ganin ranar ba. Amma ina sa ran wata yarinya a garin Abu Hujar za ta sha maganin a ɗakin uwarta, ta warke, ta koma wasa, ba tare da ta taɓa jin sunan Hajo ba. Allah ya ji ƙanki, Yaya.