Kwarin da Ba a Hura Wuta

Da ciwon ƙirjinsa na auri mijina. Ba a ɓoye mini ba, ba kuma yadda za a ɓoye, don in abin ya motsa tun daga ƙofar gida ake jin numfashinsa kamar ana busa ƙaramar sarewa. Fuka ce, wadda yanzu ake ce wa asma. Duk rani sai ta tashi. Ni na riƙe mutumin nan da ransa shekara da shekaru, ko 'yan'uwansa da ba sa yabon kowa sun san haka.

A wajenmu, can gefen Gude, akwai abin da ake yi wa mai irin wannan ciwo. Wani kwari ne tsakanin duwatsu biyu, da ɗan mayo, wato rafi, yana bi ta cikinsa, ba ya ƙafewa ƙaf ko da bazara. Maɗaci ne a ciki da ɓaure da kanya da tsamiya, manya, waɗanda ba wanda ya san yarintarsu. In ƙirji ya kama mutum sai a kai shi can, a kafa masa bukka, ya zauna har ya ji sauƙi. Ba a ba shi wani sassaƙe. Iskar wurin ita ce maganin. Dokar wurin kuwa kowa ya san ta: ba a sare ko reshe, ba a hura wuta. Ko taba ba a sha. Abinci daga gida ake dafo shi, mai ciwo ya ci da sanyinsa. Masu zuwa coci da masu zuwa masallaci duk sun riƙe wannan, ban taɓa jin wanda ya kira shi tsafi ba, don kowane gida akwai tsoho mai tari.

Lokacin da nake amarya ba kwarin kaɗai ke da itatuwa ba. Duwatsun biyu a rufe suke har sama, ƙirya da marke da kaɗanya. In rana ta buga ganye, wani ƙamshi ke tashi mai kama da ɗanyen ƙaro, yana shiga hanci da sanyi. In ka tsaya daga nesa za ka ga wani shuɗi-shuɗi ya kwanta a kan daji, ba hayaƙi ba ne, ba ya kuma sa hawaye. Uwar mijina takan ce numfashin itatuwa ne. Ban yi makaranta ba balle in yi mata gardama, kuma har yau ban ji wanda ya ba shi sunan da ya fi wannan ba.

Kusan kowane rani nakan kai shi. Ya tafi yana dafa kafaɗata, ya dawo yana gabana yana ce mini ina tafiya kamar mai tsohon ciki.

Bayan an raba jiha Mubi ta fara kumbura. Kasuwar shanu ta girma, makarantu suka kawo baƙi, kowa yana neman ɗaki. Gonakin bakin hanya suka zama fuloti, har da tamu ta farko. Noma ya hau dutse. Mu da muka saba shuka dawa da wake da gyaɗa a ƙarƙashin ɗorawa, sai aka ce masara ake yi yanzu, da taki da maganin feshi, ita kuwa masara ba ta son inuwa. Aka fara rage itatuwa. Karan da muke kwashewa mu yi darni, aka koma cinna masa wuta a gona don a huta. Sannan gari yana son gawayi, masu shayi da masu tsire da 'yan makaranta da matan ma'aikata. Da gatari ake yi da farko, itace ɗaya ya ci wa mutum yini. Da injin yanka ya zo, kafin ka gama tuƙa tuwo an kayar da uku.

Shuɗin nan na kan daji ban san ranar da ya tafi ba. Na dai lura ruwan farko da nake tara daga kwanon rufin ɗaki ya fara zuwa baƙi, sai an zubar. Wanki in ya kwana a igiya yana ƙauri. Da la'asar kuma, in rana ta gama dafa hayaƙin gonaki da na keke napep, sai idonka ya yi ta yaji alhali ba ka ga komai a sama ba.

Sai shekarar da masu bindiga suka shiga Mubi. Wannan labarin kowa yana da nasa, nawa bai fi na wani ba. Mun bi ta duwatsu mun tsallaka Kamaru, ni da tsohon, wato mijina, da ɗanmu na fari da iyalinsa. Da muka dawo rumbu ba ko ƙwaya, awaki ba ko ɗaya, keken da yaron yake haya da shi an tafi da shi. Shuka tana son a jira ta, gawayi kuwa ba ya son jira mai tsawo. Duk namiji mai ƙarfi a unguwarmu ya hau dutse. A sare, a jera gumagumai, a rufe da ciyawa da ƙasa, a sa wuta ta ƙasa, a bar shi yana ci a hankali kwana da kwanaki. Ɗana ma ya shiga. Tuwon da na ci a shekarar nan na gawayi ne, ban ce ban ci ba.

Duwatsun suka zama kamar kan da aka aske. Amma kwarin ba wanda ya taɓa shi. Yaran nan da yunwa a cikinsu, ga maɗaci a gabansu wanda zai cika buhuna, suka kewaye shi. Ba su yi ramin gawayi ko ɗaya a ciki ba, duk a gangaren sama suka yi. Mun yi alfahari da wannan sosai. Har a bakin rijiya ana cewa yaranmu sun san abin da ya kamata.

Da rani ya shigo ƙirjin tsohon ya tashi, irin tashin da ban taɓa gani ba. Mun je asibiti, an ba shi abin fesawa a baki, yana ɗan sake shi, an jima ya sake kamawa. Wata safiya ya ce mini:

"Tsohuwa, ki kai ni kwari."

"Da wace ƙafar za ka je?"

"Da taki mana. Me aka aure ki ki yi?"

"Aka aure ni in yi jinyar sarewa."

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. Ni ma abin da ke raina ke nan, kwarin. Da bai faɗa ba ni zan faɗa. Ɗanmu ya kafa bukka, muka kai shi. Itatuwan suna nan yadda na san su, ruwan yana nan, ga inuwa. Nakan zauna da shi har yamma, in koma gida in yi girki, in dawo da hantsi.

Kullum in na dawo sai in tarar ya fi jiya lalacewa. Idonsa ja, muryarsa ta dushe. Zuwa azahar ya ɗan warware, har ya ci abinci. Washegari kuma a koma. Na shinshina bargonsa, ƙaurin hayaƙi.

Na ce, "Baban yara, wa ya hura wuta a nan?"

"Ba kowa."

"Ko dai ka koma wa tabarka?"

"Tabar da kika raba ni da ita tun yaron nan yana rarrafe? Ki caje ni. Ga aljihu, ga wando."

"Riƙe wandonka, na gaji da ganinsa."

Na caje shi kuwa. Na bi kwarin daga sama har ƙasa ina neman toka, ina ɗaga duwatsu da ƙafa. Na tsare wani makiyayi da ya kawo shanu shan ruwa na yi masa tas, bawan Allah ya yi ta rantsuwa da Fulatanci. Ba toka, ba guntun itace mai baƙi. A tunaninmu in ba a hura wuta a kwari ba, hayaƙi ba shi da hanyar shiga. Haka muka taso muka tarar, kuma a da gaskiya ne. Na fara cewa ko ciwon ne ya kai inda ba ya jin magani. Na fara tunanin wace riga za a sa masa ranar da za a binne shi.

Ran nan na ce bari in yi sammako in kai masa kunu da ɗuminsa. Na fito gari ya waye amma rana ba ta leƙo ba. Hanyar tana hawa kafaɗar dutse kafin ta gangara. Da na kai sama na tsaya in sauya hannu, sai na duba ƙasa. Babu kwari. Wani farin abu ne kwance a cikinsa kamar nono a ƙwarya, kawunan maɗaci kawai suka fito. Na dubi gangaren da ramukan gawayi suke. Hayaƙinsu ba ya tashi sama. Yana fitowa daga ƙasa, ya sunkuya, ya bi gangare a hankali yadda ruwa ke yi, daga wannan dutse da wancan, duk ya taru a inda ya fi zurfi. Sanyin safiya ya danne shi. Itatuwan da muka bari su suka riƙe shi, ba iskar da za ta kore shi. Ni da hantsi nake zuwa, lokacin rana ta riga ta ɗaga shi, shi ya sa ban taɓa gani ba.

Wani abu kuma na gani. Farin nan yana da iyaka, a miƙe kamar an ja zare a jikin dutse. Inda nake tsaye sama da shi ne, iska garau.

Na ajiye kunun na gangara. Ciki ko bukkar ba na gani sai da na kusa taka ta. Na same shi a waje, gwiwa da hannu a ƙasa, bakinsa buɗe, leɓensa ya yi duhu. Na fesa masa abin asibiti, na jingina shi da itace. Sannan na hau wajen ramin ɗana, don na san can yake kwana yana gadi.

"Kai, sauko ka ga ubanka."

"Lafiya, Mama?"

"Hayaƙinka ne a ƙirjinsa."

"Nawa? Mama, ni ban sa wuta a kwari ba. Ko ashana ban taɓa shiga da ita ba, kowa shaida ne."

"Na sani. Kai ka san doka. Hayaƙin wa ya gaya masa?"

Na juya shi ya dubi ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ko ya buɗe ramin yanzu, wuta ce za ta tashi ta cinye komai, hayaƙin ma ya fi haka. Ya nuna mini sauran ramukan da hannu, na ɗan wane, na mijin wance, har inda ido ya tsaya. Ya ce, "In na kashe nawa, waɗannan fa?" Gaskiya ya faɗa. Ban tsaya jayayya ba, ba abin da ya kawo ni ke nan ba. Na ce ya zo da bayansa.

Tsohon da ya ji za a ɗauke shi ya riƙe saiwar ɓaure. Da ƙyar maganar ke fita.

"Nan ubana ya warke."

"Ubanka ya ga injin yanka?"

"Gida ba zan koma ba. Can ma shaƙe ni yake."

"Wa ya ce maka gida? Sake saiwar nan ko in ciji hannun."

Ya sake. Yaron ya goya shi muka hau. Muna hawa farin yana raguwa, har muka fito daga cikinsa kamar masu fitowa daga kogi. Ban bari an tsaya nan ba, na ce a ƙara. Can kusa da ƙololuwa akwai kufan mutanen da, tun kafin a sauko ƙasa, da'irar duwatsu inda ɗakuna suka taɓa tsayawa. Ba itace ko ɗaya, ba ruwa, sai iska mai kaɗawa ba fasawa. Nan na ce a sauke shi. Yaron ya ce, "Mama, a kan dutse tsirara? Mutane za su ce mun yar da shi." Na ce su zo su faɗa a gabana.

Kafin rana ta take sarewar ta yi ƙasa. Da yamma ya nemi kunun safe da na manta a hanya, ya kuma yi ƙorafi da aka ce kare ya riga shi.

Mun zauna a can har ruwa ya sauka. Yaron ya kafa mana rumfa, yana hawo da jarka kowace safiya, ya gaida ubansa, ya koma wa raminsa. Ban hana shi ba. Matarsa tana kawo tuwo. Mata suka yi ta hawowa gaisuwa, rabi don su ga haukan da na yi. Duk wadda ta zo da wuri nakan kai ta bakin dutse in nuna mata ƙasa. Wasu sun gane. Wata ta kalla ta ce hazo ne kawai, ta kuma kai uwarta kwari a ranin nan. Ban bi ta na ji yadda suka ƙare ba.

Da aka yi ruwa mai ƙarfi aka daina gawayi aka koma gona, tsohon ya sauko da ƙafarsa, yana hutawa yana tafiya. Ranin da ya biyo ban jira ciwon ya tashi ba. Ana fara jera gumagumai na ɗaure mana kaya muka hau.

Har yau in an tambaye shi, cewa yake kwari ne ya warkar da shi, maganin ne dai ya yi jinkirin kamawa sai da aka kai shi sama. A gaban mutane ba na gyara masa. In mun shiga ɗaki nakan gyara.