Ranar Da Na Ba Surukina Shinkafar Jiya

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya ɗauke ranar Alhamis ɗin da surukina ya sauka gidanmu a Gumel babu zato babu tsammani. Lokacin ina amarya, wata takwas da tarewa, 'yan shekaru kaɗan bayan an ba mu jihar Jigawa. Maigidana malamin firamare ne, kuma duk wadda ta auri malamin makaranta a shekarun nan ta san yadda madafa take zama idan wata ya yi nisa.

Gidan haya muke, katanga ɗaya da wata 'yar Filato, Kirista, mijinta ma'aikacin asibiti. Madam muke ce mata. Kafin aurenta ta yi aikin girki a Jos a gidan wasu 'yan ƙasar Sin, shi ya sa ƙamshin da ke tsallako katangarta ba irin namu ba ne. Ita ta koya mini soya shinkafa irin tasu: ɗan man gyaɗa, ƙwai ɗaya ko biyu, albasa, citta, tafarnuwa, sai duk ganyen da ya samu. Wani baƙin ruwan waken suya da ta ce suna zubawa babu shi a kasuwar Gumel, sai muka maye gurbinsa da daddawa, a jiƙa a tace. Sharaɗin ɗaya ne, shinkafar sai ta kwana ta bushe ta warware. Ni da maigidana mukan ci abinmu mu lashe hannu.

A ranar, Baba, surukin nawa, ya taso daga Sule Tankarkar ya kai tumaki kasuwar Maigatari, a hanyar komawa ya ce bari ya leƙa ɗansa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kai ruwa, na durƙusa na gaishe shi kaina a ƙasa. Da na koma madafa sai na duba abin da muke da shi. Dawa tana wajen niƙa, babu nama, babu kaza. Abin da ke gidan kawai shinkafar jiya ce a kwano da ƙwai biyu. A wajenmu kuwa, ɗumame na 'yan gida ne. Ka sa wa baƙo abin da ya kwana abin kunya ne, balle uban miji a zuwansa na farko.

Na taka turmi na leƙa katanga. "Madam, na shiga uku. Surukina ya zo, ba komai sai shinkafar jiya."

"To ai kin gama, Amarya. Kunna risho."

"Suruki fa na ce miki! Ɗumame zan ba shi?"

"Wa zai gaya masa? Shinkafar?" Ta miƙo mini karas ɗaya da rabin kabeji tana dariya.

Na kunna risho na soya. Na zuba a kwanon tangaran ɗin da ban taɓa cirewa daga jere ba, maigidana da ya dawo daga makaranta ya kai masa. Na laɓe a bayan ƙofa ina jiran hukunci. Sai na ji Baba yana cewa, "Kai, wannan wace irin dafuwa ce?"

"Ta mutanen Sin ce, Baba."

"Ikon Allah. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka."

Kwanon ya dawo kamar an wanke shi. Ranar kaina ya yi girma, har na shiga wajen Madam ina rangwaɗa. Ban san na ɗaure kaina ba ne.

Bayan mako uku muka je Sule Tankarkar gaisuwa. Ko mayafi ban gama cirewa ba, Inna, surukata, ta ce, "'Yar nan, surukinki ya ishe mu da zancen shinkafarki. Yau sai kin yi mana mu gani." Ashe har ta dafa sabuwar shinkafa, tana tururi a tukunya. Ta tara ƙwan zabi, ta kira matan maƙwabta su zo kallo. Nan ne ya kamata in buɗe baki in ce sai ta kwana. Amma idan na faɗa, ai na tona wa kaina asiri a kan abin da na ba Baba. Sai kawai na ɗora kasko.

Ina zuba ta a mai ta kama kaskon. Na juya ta caɓe, na ƙara mai ta ƙara caɓewa. Kafin wani lokaci abin da ke gabana ba shinkafa ba ne, ba tuwo ba ne. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce, "Haka mutanen Sin ɗin suke ci? Allah sarki." Zufa ta jiƙa ni, hawaye suka biyo baya.

Inna ta sallami matan, ta ja ni ɗakinta. "Me ya faru, 'yar nan?"

Kaina a ƙasa na ce, "Inna, ki yafe mini. Ba ta yin kyau sai da shinkafar da ta kwana. Wadda na ba Baba ma ta jiya ce, ba mu da komai ranar."

A raina na ce shi ke nan, mutuncina ya zube a gidan nan. Can sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. "Yo wannan kike wa kuka? Ba ki da komai, amma kika fitar da ɗana kunya a gaban ubansa? Da kin faɗa tun da safe ai da ba mu yi asarar ƙwan zabina ba."

Da kanta ta baje sauran shinkafar a faifai ta rufe ta kwana. Washegari da hantsi na soya, tana tsaye a kaina tana tambaya, ita ta tace mini daddawar ma. Ta ɗauki kwanon ta kai wa Baba, kuma ina ji ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Ya ci ya ƙoshi, sannan ya ɗaga murya yadda zan ji daga tsakar gida, "A gaya wa 'yar nan, daga yau idan zan je Gumel zan aiko tun ana gobe, don ta samu ta kwanar mini da ita."

Na daɗe ina jin daɗin maganar nan, har yau ma ina ji. Abin da na koya kuwa shi ne, rashi bai taɓa kunyata ni ba a gidan mijina. Ranar da na yi dabara da ɗan abin da ke hannuna albarka aka sa mini, ranar da na ɓoye gaskiya kuma na sha kunya a gaban matan unguwa.