Makullin Motar da Na Mayar wa Yaya

Ruwan Libreville ba ya sallama. Kana tsaye kana kallon teku tas, kafin ka gama ɗaure takalmi sama ta yi baƙi ƙirin, sai dai ka ji shi a ƙeya. Mutanenmu da ke kasuwanci a nan sun saba da shi. Da hadari ya haɗo kowa zai ja leda ya rufe kayansa, ya shige shago, ya ƙwala wa mai shayi kira. Ni kuma a lokacin nake fito da kekena daga bayan ƙofa.

Rubutu ne ya ɗora ni a kan keke. Ina rubuta littattafan labari da Hausa in aika gida a buga, da yamma kuma in zauna a shagon yayana a unguwar Glass, inda yake sayar da atamfa da shadda. Da safe nakan zauna a teburina na ɗakin baya, kuma akwai ranakun da ni da takarda za mu yi ta hararar juna har azahar. A irin wannan rana ce haushi ya kore ni waje, na ari keken maƙwabci, ruwa ya kama ni a hanya, na ƙi juyawa. Kafin in dawo gida, shafin da ya gagare ni ya kammalu a kaina. A makon na sayi nawa keken.

Dalilin ba wani boyayye ba ne. A cikin ruwa babu damar ciro biro, don haka jimlar da ta zo maka dole ka riƙe ta a baki, kana maimaita ta tare da feda. Kalmar da ba ta da ƙarfi a hanya take faɗuwa. Wadda ta iso gida da kai, ita ce ta cancanci takarda. Nakan tashi daga Glass in bi titin bakin teku, in wuce unguwar Louis da mashayunta da ba su gama farkawa ba, in wuce filin jirgi da Okala inda ake ta gine-gine, har in shiga hanyar da daji ya rufe wadda ke kaiwa Cap Estérias. In na dawo, tawul a wuya nake zama in rubuta, maiɗakina tana mita a kan tabarmar da na jiƙa mata.

Matsalar ita ce mu Hausawan garin nan muna da wata ɗabi'a, kuma mai kyau ce, ba na musu. Ba a wuce ɗan'uwa a hanya ruwa yana dukansa. Ko ba ka san shi ba, in ka ga hula da gemu, sai ka taka birki. Direbobin taksi 'yan Nijar sun fi kowa riƙo da wannan. Ina tsakiyar jimla sai in ji ham a bayana, gilashi ya sauka.

"Malam, lahiya? Mi ya hwaru? Shigo mu aza welon bisa, ba ka biyan komi."

Welo shi ne keke a bakinsu. In ce lafiya lau, yawo nake. Sai ya dube ni, ya dubi sama, ya sake dubana, ya ce, "Allah shi kyauta," ya ja motarsa a hankali kamar wanda ya baro gidan gaisuwa. Jimlata kuwa ta riga ta bi ruwa.

Su suka kai labari kasuwa. Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce karatu ne ya yi mini yawa. A wurinsu magidanci mai furfura ba ya hawa keke sai in duniya ta juya masa baya, balle a ruwa. Ni ban damu ba, su faɗi abin da suka ga dama. Na manta cewa duk abin da aka faɗa a kaina, a kunnen Yaya yake sauka.

Yaya shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya biya mini makaranta, shi ya kawo ni ƙasar nan. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma wannan karon ma bai yi ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, jama'a sun cika ƙofar shago, sai ya kamo hannuna ya danƙa mini makullin mota. Ga ta nan a gefen titi, an wanke ta tana ƙyalli. Wuri ya ɗauki kabbara, dattawa suna ta sa masa albarka, ana cewa haka zumunci yake. Wa ya isa ya mayar da kyautar yayansa a gaban mutane? Na durƙusa na yi godiya. Da na koma gida na tarar ya aiko an ɗauke keken an kai gidansa a Okala, wai kada ya tare mana wuri.

Na gwada, Allah ya sani na gwada. Na shiga motar na bi hanyata ta kullum. Ruwa yana dukan gilashi maimakon fuskata, ina zaune a cunkoso a bayan wata tifa, ƙafata ba ta da aikin yi sai birki. Ko kalma ɗaya ba ta zo ba. Makonni suka shuɗe, littafin da nake tsakiyarsa ya tsaya cak, mutanen cikinsa sun yi shiru kamar baƙin da aka manta da su a zaure. Na fara faɗa da kowa a gida. Maiɗakina ta haƙura har ta gaji, wata safiya ta ajiye mini shayi ta ce, "Malam, gara tabarmata ta jiƙe da wannan fuskar taka. Je ka karɓo abinka."

Na san abin da zan iya rasawa. In na mayar da motar, na watsa wa Yaya ƙasa a ido a gaban kasuwar da ta shaida kyautar. In na riƙe ta, na daina zama marubuci, na koma mai auna yadi da mota. Na tuƙa ta zuwa Okala da hantsi, ana yayyafi.

Na same shi a falo. Bayan gaisuwa na ajiye makullin a gabansa na ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri, amma kekena na zo ɗauka."

Ya dubi makullin. Sannan ya ce, "Kai ba ka san komai ba. Lokacin kana ƙarami. Ni na ga Baba yana dawowa daga ƙauyuka da dilar kaya a bayan keke, rigarsa ta manne da jikinsa, yana tari har ya kasa cin tuwo. Ni nake karɓar keken in goge masa taɓo. Ranar da muka binne shi na yi alkawari babu wani ɗansa da ruwa zai sake duka a kan keke. Na zo ƙasar mutane na sha wahalar da na sha, yau kuma a zo a ce mini ga ƙanenka can a hanyar daji kamar marar kowa?"

Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba, kuma ya taɓa ni ƙwarai. Amma ni ma ina da nawa Baban. Na ce masa, "Ni abin da na tuna, yakan ɗora ni a ƙarfen gaba ya lulluɓe ni da babbar rigarsa. Ina jin ruwa yana buga rigar, shi kuma yana ba ni labari don kada in ji tsoro. A nan na fara jin labari, Yaya. Shi dole ce ta sa shi, ni ba wanda ya sa ni. Kai ka fitar da mu daga dolen, kuma na gode. To ka bar ni in hau don ina so."

Ya ce, "Ka kunyata ni."

Na ce, "Na sani."

Na shiga sito na fito da keken, tayoyinsa sun sace. Na tura shi har wurin mai faci, aka ba shi iska, na hau na dawo Glass a jiƙe. A ranar na rubuta abin da ban rubuta ba a wata guda, kuma ba zan ɓoye ba, ban ji nadama ko kaɗan ba.

Amma na biya. Ina zuwa shago kamar kullum, in gaishe shi ya amsa a taƙaice, ya juya ga mai saye. In yana son wani abu sai ya faɗa wa iska, "A sauko da shaddar can." Motar tana ajiye a gidansa a ƙarƙashin tamfol. 'Yan kasuwa suka samu abin taunawa, wani dattijo har ya tare ni ya yi mini wa'azin butulci, na saurare shi har ya gama, na hau kekena a gabansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne cin abincin rana. Tun zuwana ƙasar nan kwano ɗaya muke ci da Yaya, yanzu sai aka fara kawo biyu.

Har damina ta kusa ƙarewa muna haka. Wata safiya ina bayan Okala, ruwa kamar da bakin ƙwarya, ina riƙe da wata jimla da na daɗe ina nema, sai na ji mota ta rage gudu a bayana. Na ce a raina, ga wani mai taimakon kuma. Ba ta yi ham ba. Ta daɗe tana bina, sannan ta zo daidai da ni, gilashi ya sauka. Yaya ne. Na shirya jin "shigo", na kuma shirya amsata.

Ya dube ni daga hula har feda, ruwa yana shiga masa mota yana jiƙa hannun rigarsa. Ya ce, "Sirdinka ya yi ƙasa. Baba ya fi ɗaga nasa, shi ya sa gwiwa ba ta dame shi ba."

Ya ɗaga gilashinsa ya wuce, ya bar ni a cikin ruwan. Duk garin nan shi ne Bahaushe na farko da ya same ni a ruwa bai ce in shigo ba. Na sauka a gefen hanya na ɗaga sirdin, jimlar kuwa ban sake tuna ta ba har yau.