Kwamfutar da Ta Ƙi Wuce Baffa

Shekarar da ruwa ya daina kaiwa gonarmu, ni kaɗai ce mai kwamfuta a unguwarmu, kuma wannan ne ya ja mini. Tsohuwar laftof ce da yayana ya bar mini da ya samu aiki a Sakkwato. Na gama sakandare, na yi 'yan watanni a wani shagon koyon kwamfuta, na iya yanka bidiyo in liƙa, in sa rubutu a ƙasa. Aikina da ita bai wuce haɗa wa ƙawayena hotunan suna da walima ba. Amma a wurin Baba, duk wani abu mai sikirin a duniya da ni aka ƙera shi.

Gonarmu tana can wajen ƙarshen magudana, bayan garin Wurno. In an saki ruwa daga dam ɗin Goronyo, sai ya gaisa da gonar kowa kafin ya tuna da mu. A ranin nan kuma laka da ciyawa suka toshe magudanar, toshewar da ta fi ƙarfin shebur. Baba ya riga ya zuba duk irin tafarnuwar da ya ajiye, ga albasa a gefe. Ganye ya fara yin rawaya daga baki. Kullum in ya dawo daga gona sai ya zauna a ƙofar ɗaki bai cire takalmi ba, mu kuma mu rage murya.

Sai labari ya zo cewa wani babba daga ofishin ruwa zai zo zagaye, zai tsaya a firamare ya saurari manoma. Motarsa ba za ta kai ƙarshen magudana ba, shi kuma ba a sa ran zai taka. Wani a ƙungiyar manoman su Baba ya ce to a ɗauko abin a nuna masa a majigi, ya gani da idonsa, in ya so ya turo katafila. Baba ya ce ai shi yana da ɗiya.

Ba a tambaye ni ba. An dai gaya mini ranar.

Ɗaukar magudanar ba ta ba ni wahala ba. Ƙasa ta tsattsage, akuya tana yawonta a tsakiyar inda ruwa ya kamata ya bi, ko ƙafarta ba ta jiƙe ba. Na sa Baba ya tumɓuke tafarnuwa ɗaya ya buɗe hannu, kanta bai kai ƙwallon dabino ba. A ganina aiki ya ƙare ke nan. Ashe ban fara ba.

Dattawan ƙungiya suka ce kowa sai ya yi magana, daga ƙarami zuwa babba. Kowanne kuma ya fara da salati, ya gaida hakimi, ya gaida limamai, ya gaida masu unguwanni, ya gaida baƙon da bai zo ba tukuna, ya tambayi lafiyar iyalinsa da bai taɓa gani ba. Kafin ya iso maganar ruwa hannuna ya sage da riƙon waya. Wani ma har ya gama bai ambaci ruwan ba, ya ce wanda ya gabace shi ya riga ya faɗa.

Na ce, "Baba, wanga abu ya yi tsawo. Ruwa za mu roƙa ga mutumin nan, ba auren ɗiyatai ba."

Ya ce, "To ki ishe mutum ki ce mai ba ni ruwa, awa wadda ba ta da iyaye?"

Shi ya tsara yadda za a jera: dattawa tukuna, sannan magudana, sannan Baffa ya rufe da addu'a. Baffa yayan Baba ne, shi ne shugaban ƙungiyar, kuma a wurinmu babba ne ke rufe taro. Sai dai Baffa ba ya gari. Ya je ta'aziyya wani ƙauye gaba da Rabah, ƙafarsa ta kumbura, ya zauna can. Hanyar kuwa ba wadda mutum ke bi don marmari ba ce a lokacin. Surukinsa ya ɗauki bidiyonsa a waya yana addu'ar, ya tura wa wani direba, direban ya tura wa mai shayin tasha, daga wayar mai shayi Baffa ya iso hannuna.

Na jera komai yadda aka ce. Saura abin da muke kira randarin, wato manhajar ta dunƙule duk guntayen nan su zama bidiyo guda da za a iya kunnawa ko'ina. Akwai wani koren layi da ke rarrafawa a sikirin yana nuna inda aka kai. Na danna, na yi wanke-wanke, na yi shara, na yi sallar azahar, layin yana tafiya kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ya wuce dattawa, ya wuce akuya, ya shiga Baffa. Baffa ya gyara rawani, ya ɗaga hannu zai fara addu'a. Manhajar ta ɓace ɓat. Babu sallama, babu ban haƙuri, sai hoton furannin da ke bayan sikirin yana kallona.

Na sake. Ta sake mutuwa a wurin. Washegari ma haka, daidai inda Baffa ya ɗaga hannu.

Inna ta taɓa gindin laftof ɗin ta janye hannu. "Ke, wagga aba zazzaɓi ta ka yi." A nan kam ta yi gaskiya, fankarta kuka take kamar injin niƙa. Muka shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu kusa da randa, muka ɗora ta kan tubali biyu don iska ta shiga, Inna ta zauna tana yi mata fifita, abin da ban tuna ta yi mini ba ko lokacin da na yi ƙyanda. Ta huce sosai. Ta kai Baffa, ta mutu cikin sanyi.

Na goge hotunan ƙawayena don in ba ta wuri. Na cire manhajar na sake sa ta, datata ta ƙare a kai. Na rage kyan hoton har fuskokin dattawa suka koma kamar an zana su da gawayi. Duk a banza. Da haushi ya ishe ni sai na cire guntun Baffa na danna don in gani. Layin ya tafi sumul har ƙarshe. Ashe a yawon da Baffa ya yi daga waya zuwa waya wani wuri ya lalace a guntun, manhajar kuma in ta iso nan sai ta yi tuntuɓe.

Na tari Baba tun bai ajiye fartanya ba. "Na gano matsalar. Baffa na. In an cire shi, an gama."

"A cire wa?"

"Baffa."

"Sake hwaɗi in jiya."

Na sake, don ni in aka ce in maimaita, maimaitawa nake.

Ya ce, "Mutumin da yag goye ni? Shi za ki hidda cikin taron da shi ka shugabanta, don ƙarhe ya ce ba ya so nai?"

"To a bugo mai waya, a sake ɗaukar shi."

"Dattijo ya yi addu'a, sannan a aika mai a ce ba ta yi ba, shi sake? Mi anka koya maku makarantar nan?"

Na ce tafarnuwa dai ba ta san Baffa ba. Inna ta yi mini wani kallo, na shige ɗaki.

Kafin kwana biyu magana ta zaga gari. Maza suka riƙa sallama a zaure wai a gwada musu. Sai in fito da laftof in kai bidiyon kusa da wurin, Baffa ya ɗaga hannu, ta mutu, su ce, "Allahu akbar!" Wasu suka ce nauyin addu'arsa ne na'ura ba ta iya ɗauka. Wani maƙwabcin gonarsa da suka daɗe suna ja-in-ja kan iyaka ya ce shi bai yi mamaki ba, ko ƙarfe ya zauna da Baffa sai ya gaji. Labarin ya kai ƙauyen da yake jinya. Ya bugo wa Baba waya, muryarsa fes, yana tambaya wai da gaske ne, kuma mutum nawa suka gani. Daga ranar na san ko da kuka na roƙa ba mai barin in taɓa guntun nan.

Ranar taro ta zo ba bidiyo. Dabara ɗaya ta rage: in ɗauki laftof ɗin in haɗa da majigi, in kunna abin daga cikin manhajar yadda yake, ba a dunƙule ba, yana tafiya yana ɗingishi. Aka toshe tagogin aji da tabarmi, aka tada janareto, dattawa suka cika bencinan yara, gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Ni ina gefe a kan kujerar malami, mace ɗaya tal a ɗakin, hannuna a kan linzamin kwamfutar.

Baƙon ya zo a makare. Direbansa ko kashe mota bai yi ba. Ya zauna, na kunna. Dattijo na farko ya yi salati, ya gaida hakimi, ya gaida limamai. Baƙon ya gyaɗa kai. Na biyu ya yi salati, ya gaida hakimi. Baƙon ya duba agogo. Na uku na cikin tambayar lafiyar iyalinsa sai na ga ya raɗa wa na kusa da shi wani abu, ya fara tattara hannun babbar riga zuwa kafaɗa. Duk wanda ya taɓa ganin babban mutum zai tashi ya san wannan tattarawar. Magudana kuwa tana can bayan dattawa wajen goma.

Na ja linzamin. Hoton ya yi tsalle ya dire kan akuya.

Ɗakin ya yamutse. "Kai, ta tsallake ni!" "Ni ma ban hito ba!" Sai wani daga baya ya ce, "Ku yi hanƙuri, ai halinta na, wagga na'ura. Abin da tag ga dama shi ta ka yi." Kowa ya yi tsaki ya yarda, don duk garin an san ta. Baba ya juyo ya dube ni. Ni kuma na zuba wa sikirin ido, na buɗe baki kamar wadda aka yi wa sata.

Baƙon ya saki rigarsa. Ya kalli akuya tana tafe a tsakiyar magudana, ya kalli tsagar ƙasa, ya kalli hannun Baba. Ya ce, "Nan ina ne?" Mutum ashirin suka amsa masa lokaci guda. Ya ce a maido masa wurin tafarnuwar. Na maido nan take. Na'urar da ba ta jin maganar kowa ta bi umarni cak, kuma ba wanda ya ga abin tambaya a ciki. Ya sa na kusa da shi ya rubuta wani abu. Can sai ga Baffa ya cika bango, ya gyara rawani, ya ɗaga hannu. Manhajar ta mutu. Duk ɗakin, har da baƙon, aka shafa aka ce amin.

Gyaran bai zo ba sai bayan an daina bukatarsa. Da hankalina ya kwanta na samo wata ƙaramar manhaja mai sauya wa bidiyo siga, na bi da guntun Baffa ta ciki, na yanke wurin da ya lalace, bai kai ƙiftawar ido ba. Layin ya wuce shi lafiya. Na zuba wa dattawa cikakken bidiyon a wayoyinsu, kowa ya nemo wurinsa ya kalla ya kashe. Baffa ne kaɗai bai ji daɗi ba da aka gaya masa yanzu tana wuce shi.

Katafila ta zo bayan 'yan makonni. Ta yashe magudanar har ta ɗan gota gonarmu, sannan aka kira ta wani wuri, ba ta dawo ba. Ruwa ya iso mu ja wur da laka. Albasa ta farfaɗo. Tafarnuwa kuwa rabi ta riga ta tafi, rabin da ya rage muka samu na kaiwa kasuwa da ɗan irin baɗi.

Ranar da muke ɗaure ta dami-dami a tsakar gida, Baba ya ɗaga wani ƙaramin kai yana jujjuyawa, ya girgiza kai.

"Kin gani ko? Rabin gaisuwa yaj ji, yab ba mu rabin aiki. Da na'urar taki ta bari ya ji dattawa dut, da har ƙarshen magudana sun yashe."

Na ce, "Haka na, Baba." Na miƙa masa igiya.