Motar Babana Marar Rufi

Shekarun baya, lokacin da mutanen Mubi suka gudo Yola, goggona ta iso gidanmu na Wuro Hausa da jikokinta, ba su da komai sai kayan jikinsu. Ɗakuna suka cika har zaure. Wuri ɗaya ya rage da za a tada ɗaki, wato rumfar da motar marigayi babana take.

Tsohuwar motar Amurka ce, doguwa, launin ruwan madara, irin wadda ake naɗe rufinta baya. A hannun wani Bature malamin makaranta ya saye ta tun ban yi wayo ba, kuma rufin ya riga ya yage tun a lokacin. Da ita aka kai rabin amaren unguwarmu, a lulluɓe. Mahaifiyata kuwa ba ta taɓa shigarta ba. A tarbiyyarta, matar aure ba ta zama a motar da duk gari ke kallonta. Babana kullum sai ya ce, "Bari in sa mata rufi, in zaga da ke Jimeta." Har ciwo ya kwantar da shi bai sa ba. Bayan rasuwarsa kaji suka gaje ta, tayoyi suka zauna, makullin but, wato ma'ajin kaya na bayanta, ya ɓata.

Na yi ta kame-kame kafin in yi wa mahaifiyata maganar sayar da motar, ni da nake cika baki cewa ni ne babba a gida. Na ce, "Dada, motar nan..." Ba ta bari na ƙarasa ba.

"Sayar. Yara na kwana a tsakar gida, ƙarfe na kwana a inuwa? Dama mai ita alkawari kawai ya iya."

Maganar ta yi mini zafi, don ban taɓa sanin abin yana ranta ba.

Masu sayen ƙarafa suka zo suna ƙwanƙwasa ta kamar masu tayin tukunya, na kore su. Sai wani abokina ya kawo wani bakanike daga Damilu, dattijo mutumin Numan, Kirista, mai son tsofaffin motoci. Na faɗa masa gaskiya: injin ya daɗe bai tashi ba, ƙasanta ya yi tsatsa, but ba ya buɗuwa. Ya shafa jikinta ya ce, "Ba ta mutu ba, barci take." Muka daidaita, na sallama.

Muka sa mata tayoyin aro, muka ɗaura ta a bayan akori-kura, ni ina riƙe da sitiyari. Abin da dukanmu muka manta shi ne, a kwanakin nan ba motar da ke wuce shingen sojoji tsakanin Yola da Jimeta ba a buɗe but ba. Da muka isa shingen, wani soja ya buga shi da tafin hannu ya ce a buɗe. Na ce babu makulli. Wallahi nan take fuskarsa ta sauya. Ya ja baya, ya gyara riƙon bindiga, masu keke da ke bayanmu suka watse suka bar kekunansu. Ni kuwa ko sunan unguwarmu na kasa tunawa.

Bakaniken ne ya ɗaga hannu ya ce, "Oga, bari in fasa a gabanka." Ya sa ƙarfen taya, ya danna har murfin ya ɓalle.

Wani ƙunshi ne a ciki, cikin leda mai kauri, an ɗaure da igiya. Aka sa ni kwance shi da hannuna. Baƙin tamfol ne mai layi-layin ɗinki, da ƙarafa a naɗe cikin tsumma mai mai. Bakaniken ya duƙa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Rufinta ne. Sabo fil. Babanka ya saya, bai samu sawa ba."

Sojan ya bar mu muka wuce, na koma gida na faɗa wa mahaifiyata. Ta tashi ta shiga ɗaki, ranar ba ta ci tuwo ba. Ɗaki kuwa an gina, goggona ta zauna a ciki har hanyar garinsu ta buɗe.

An ɗau shekaru, har na cire rai da sake ganin motar, sai wata Asabar da la'asar muka ji hon a ƙofar gida. Ga ta tana ƙyalli, da rufinta. Dattijon ya cire hula ya ce, "Mama, an ce akwai mai bin motar nan bashin yawo." Abokina ne ya tsegunta masa.

Mahaifiyata ta yafa mayafi ta shiga baya, ni a gefenta. Muka bi ta kasuwar Jimeta, muka nufi gada. Da ruwan Binuwai ya bayyana sai ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Ɗana, naɗe rufin nan. Na tsufa, wa zai kalle ni?"

Yanzu ba ta raye. Na daina saurin cewa mutum ya manta alkawari don kawai ban ga ya cika ba. Har yau in na hau gadar nan sai na sauke gilashi, in tuna ta riƙe da bakin mayafinta, iska na kaɗa shi, tana dariya tana cewa, "Ashe abin da babanka ya yi ta ji ke nan shi kaɗai."