Kwanon Gidan Hammadu

Duk wanda ya taɓa yin azumi a ƙauyen nan na bayan Madadi ya san dambun Inna Hajaratu. Gajeruwar mace ce mai saurin ƙafa da saurin baki, irin wadda ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Daga Gude aka kawo ta amarya. Mijinta ya rasu a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da hatsi ya zama abin lallaɓawa, a nan ta koyi cika kwano da tsaki kaɗan da zogale mai yawa. Da wannan dambu ta raini 'ya'yanta har suka tafi Kano neman na kansu, da shi kuma ta yi suna.

Mutanen ƙauyen kusan gida ɗaya ne, kakansu ɗaya, masallacinsu ɗaya. Al'adarsu in azumi ya kama, kowane magidanci ya ɗauko kwanon gidansa ya kawo ƙofar masallaci, ya zauna a gabansa, wanda ya so ya matso su sa hannu tare. Ba sai an buɗe ba, daga faifan da aka rufe kwano ake gane gidan da ya fito. Na Hajaratu mai jan baki ne, ƙanin mijinta Liman Tasi'u ke ɗauka, kuma kafin ya gama bismillah an kewaye shi.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano masallacin ya cika har waje. Kowa ya zama mai jawo aya, kullum ana wa'azin cewa Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne. A wannan shekarar Hammadu ya sauka a gefen gari da matarsa Yelwa. Jikan makiyaya ne, ciwo ya cinye masa shanu, ya sami 'yar gona ya kama noma. Ba wanda ya zage shi. Ana amsa sallamarsa, ana matsa masa a sahu. Amma da azumi ya zo ya kawo kwanonsa, sai ya zauna shi kaɗai yana tsakura, kowa na miƙa hannu wajen faifan da ya sani. Ya rufe abinsa ya mayar gida kusan yadda ya kawo.

A bakin rijiya Hajaratu ta ji labari. Ta ga Yelwa idanu sun kumbura, ta tsare ta da tambaya, don Hajaratu ba ta san a bar wa gobe ba. Yelwa ta ce tun farkon azumi tuwonta ke dawowa, har ta daina buɗe kwanon a gaban maigida saboda kunya. Ta ƙara da cewa Hammadu ya ce da an yi Sallah za su tashi, ita har ta fara ɗaure kaya.

Ran Hajaratu ya ɓaci ƙwarai. Ta tuna shekarar da aka kawo ta, yadda nata kwanon ya riƙa dawowa, da irin kukan da ta sha a bayan rumbu. Daga rijiya ba ta biya gida ba, sai zauren Liman. Wasan da ke tsakanin mace da ƙanin miji ya ba ta bakin da babu macen da ke da shi a garin.

"Malam, 'yan'uwantakar nan da kuke ta faɗa, a lasifika kawai ta tsaya, ko tana saukowa tabarma?"

Liman ya yi dariya, ya ce ai ba a tilasta wa hannu inda zai shiga, a hankali mutane za su saba. Ta ce to, ita ma ba a tilasta wa tukunyarta inda za ta hau.

Washegari da la'asar ta ɗauki madambacinta da tsakinta da zogalenta ta nufi gefen gari. A murhun Yelwa ta turara dambun, Yelwa ta zuba masa man shanu, suka juye a kwanon gidan Hammadu, Hajaratu ta ɗora faifanta mai jan baki a kai. Da Liman ya zo ɗaukar kwano ya tarar da ƙofa a rufe, maƙwabciya ta gaya masa saƙon da aka bar masa: mai son dambu ya nemi Hammadu.

Ranar farko girman kai ya hana magidantan matsowa, sai satar kallon faifan suke yi. Hajaratu ba ta fasa ba. 'Yan'uwan mijinta suka yi ta ƙorafi, wai ta kwashe albarkar gida ta kai wa baƙo, ta toshe kunnenta ta ci gaba da tafiya da madambaci a ka, ga azumi ga rana. Daga baya Liman da kansa ya ja buzunsa ya zauna gaban Hammadu, ko don Allah ko don man shanu, shi ya sani. Da liman ya zauna kuwa, sauran suka biyo baya. Garin ci aka fara hira, aka gano Hammadu ya san ciwon dabba tun daga tafiyarta, masu awaki suka fara kiransa Malam Hammadu.

Amma Hajaratu ba ta ruɗi kanta ba. Ta san faifanta ake bi. Ana cikin goman ƙarshe ta ce wa Yelwa yau ba za ta zo ba, ita Yelwa ta yi tuwonta na dawa da miyar kuka, ta rufe da nata faifan.

"Inna, in ya dawo fa?"

"In ya dawo, gobe mu sake."

Ta faɗa da ƙarfi, amma ranar ko kunun kirki ba ta iya sha ba. Ana idar da sallar magariba ta yafa mayafi ta tafi, ta tarar da Yelwa tsaye a bakin danga. Suka tsaya tare har Hammadu ya ɓullo da kwano a hannu ɗaya, yana kaɗa shi. Yelwa ta karɓa ta ɗaga faifai. An sharce shi tas, sai sawun yatsu a gefe.

Ta daɗe tana kallon cikin kwanon, hawaye na zuba. Sannan ta shiga ɗaki, Hajaratu na jin ta tana kwance igiyar kayan da ta ɗaure, can ta ɗago murya ta ce, "Inna, gobe in ƙara hannu, ko wannan ya ishe su?"